Mai Kyauta, Tsohuwar Motar Baba

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

An ba mu hutu, littafin Hausata kuma ya rage shafuka da yawa, shi ya sa zan riƙa rubutu a ciki. Malama Hadijatu ce ta ce wanda bakinsa yake da nauyi ya riƙa rubutawa. Da ni take. Duk 'yan aji sai da suka juyo suka kalle ni.

A cikin Mai Kyauta nake zaune, kujerar baya. Mai Kyauta tsohuwar Fijo ce shuɗiya, tana tsakar gidanmu a kan duwatsu tun ina aji biyu na firamare. Ba ta tashi. Baba ya saye ta ne saboda farar motarsa da yake lodin ƙauyuka da ita, yau Katagum, gobe Chinade. In wani abu ya lalace a jikin farar, sai ya zo ya cira a jikin wannan. Shi ya sa mata suna, wai bayarwa kawai take yi. Ni nake miƙa masa sifana in yana aiki, yana ce mini Injiniya.

Yanzu farar ba ta nan. Ba zan rubuta wannan ba.

Yau kwanan Baba talatin da takwas a ɗaki. Mai ɗori ya zo daga Misau, ya kwance karan da ke ƙafar, ya lallatsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙashi ya kama. Saura takawa, Malam Sherif. Ƙafa in aka bar ta a miƙe, gwiwa sandarewa take." Ya bar masa sanda.

Baba ya ce, "To." Ya juya fuskarsa bango.

Laraba, 7 ga Agusta, da safe

Sandar tana jingine inda mai ɗori ya ajiye ta.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan azahar

Kawu Maikuɗi, yayan Inna, ya tafi Chinade sadakar arba'in ta yarinyar da ta rasu a hatsarin. Shi ya je a madadinmu. Inna ta ba shi gero da goro ya kai. Ta ce kada wanda ya faɗi sunan garin kusa da ƙofar Baba.

A gidanmu yanzu akwai kalmomin da ba a faɗa. Ba a cewa mota, ba a cewa tasha, ba a cewa hanya. Jiya kakata Ya Gana, mahaifiyar Baba, za ta aike ni in duba ko kazarta ta yi ƙwai a but ɗin Mai Kyauta, sai ta nuna da leɓe ta ce, "Je ki duba cikin waccan abar." Na so in yi dariya, ban yi ba.

Ƙwai biyu.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Kawu ya zo bayan masallaci. Suka zauna a rumfar girki shi da Inna da Ya Gana, suna magana ƙasa-ƙasa. Ni ina tsince shinkafa, ba wanda ya kore ni. Ba a korata, mantawa ake ina wurin.

Kawu ya ce, "Ku duba inda ƙofarsa take kallo. Yana ɗaga labule me zai fara gani? 'Yar'uwar waccan. Fitila iri ɗaya, baki iri ɗaya. Ko ni ne ba zan fito ba."

Ya Gana ta ce, "Wallahi ka faɗi abin da ke raina, Alhaji. Tun yana yaro in abu ya tsorata shi ba ya sake kallon wurin."

Kawu ya ce hanya uku ce. Ko a kwance ta a riƙa sayar da kayanta ɗaya-ɗaya, ko a sayar wa wani ita gaba ɗaya, ko a kira 'yan gwangwan su sare ta su auna a kilo. Ya ce ɗaya-ɗaya zai ɗauki shekara, ƙafar Baba kuwa ba za ta jira shekara ba.

Inna ta ce, "Ba za a tambaye shi ba?"

Ya Gana ta ce, "A tambayi marar lafiya abin da zai tayar masa da hankali? A ina aka taɓa yi?"

Na ci gaba da tsince shinkafa.

Litinin, 12 ga Agusta, da hantsi

Kawu ya kawo Oga Chibuzo, mai shagon kayan mota a kusa da tasha, ya duba ko zai saye ta gaba ɗaya. Ya fi shekara ashirin a Azare, Hausarsa ta fi ta Ya Gana fita, don ita ba da Hausa ta tashi ba. Kullum tana cewa wannan rainin wayo ne.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Inyamuri, yau ma ba ka kawo mini tsaraba ba?"

Ya ce, "Mama, ke da kika ƙi ba ni kazar nan? Shekara uku ina zawarcinta."

Ya tsaya a bakin ƙofar Baba ya ce, "Malam Sherif, ya jiki?" Daga ciki aka ce, "Da sauƙi." Shi ke nan. Oga Chibuzo ya daɗe a tsaye kafin ya juyo.

Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya shafa nan ya shafa can, sai ya kama dariya a hankali yana girgiza kai. Ya ce wa Kawu, "Alhaji, ba zan iya yi mata kuɗi ba."

"Don me? Ga ta nan komai a cike."

"Shi ne matsalar. Mota shekara biyar ana cin jikinta, amma ko noti ɗaya bai ɓata ba? Ka san halin mutumin nan? In ya ciri mai kyau, sai ya wanke lalataccen da fetur tas, ya mayar da shi a gurbin, ya ɗaure. Wai ba ya so ya bar ta tsirara. Yanzu kai ka gaya mini wanne ne mai rai, wanne ne matacce."

Gaskiya ne. Ni nake riƙe masa kwanon fetur ɗin. Amma ban iya tuna wanne da wanne ba, sun yi yawa.

Oga Chibuzo ya ce, "In na saya da tsada, na cuci kaina. In na saya da araha, na cuci abokina yana kwance. Mutum ɗaya ne ya san cikin motar nan, ga shi can. Ku tambaye shi mana."

Kawu ya ce, "Rage murya."

Da zai tafi ya ce akwai wani direba daga Sakwa da ya yi sati uku yana neman kabireta ta Fijo, babu ita duk Azare. Ya kalle ni ya ce, "Injiniya, ko ke kin sani?" Na rufe fuska da hijabi.

Laraba, 14 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun safe. Baba ya sha kunu rabin kofi.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan azahar

Wani dattijo ya zo daga Chinade a kan babur, mahaifin yarinyar da ta rasu. Ya zauna a zaure, ya ce ya zo duba Baba ne. Inna ta shiga ta faɗa, ta fito ta ce barci yake. Ba barci yake ba, ni na kai masa ruwa a lokacin.

Dattijon ya ce, "Ba komai. A gaya masa ni ban riƙe shi ba, mahaifiyarta ma ba ta riƙe shi ba. Kwananta ne ya ƙare." Ya ajiye zabi biyu a ɗaure ya tafi.

Ya Gana ta shige ɗakinta ta daɗe. Zabin suna ta kuka a gindin Mai Kyauta, ba wanda ya iya yanka su.

Asabar, 17 ga Agusta, da sassafe

Zan rubuta wannan da sauri kada in manta yadda ya faru.

Na kai wa Baba kunu. Na yi sallama a hankali, ina jin bai ji ba. Na tarar ya ja jikinsa har bakin taga, ya ɗage gefen labule da yatsa ɗaya, yana kallon waje. Mai Kyauta yake kallo. Fuskarsa ba irin ta tsoro ba ce. Irin kallon da yake yi mini ne in ina zazzaɓi.

Da ya gan ni ya saki labulen. Na ajiye kunun zan fita, sai ya ce, "Ledar gilashin baya ta zame. Ruwa zai ruɓar da kujera."

Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawo haka tun kafin ranar nan.

Na je na gyara ledar, na danne ta da bulo biyu.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Na so in gaya wa Inna. Na tsaya a bayanta tana tuƙa tuwo, na ce, "Inna." Ta ce, "Ke, mene ne?" Inna ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. Na buɗe baki, sai na fasa. Na ce, "In ɗebo ruwa?" Ta ce randa a cike take.

In na faɗa, za a ce yarinya ce ke gyara wa manya magana. Kuma in ni ce ban gane kallon ba fa?

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

'Yan gwangwan sun zo, su uku. Babbansu ya zagaya ta, ya buga mata ƙafa a ƙofa, ya ce, "Tsohon ƙarfe ne, yana da nauyi. Irin wannan muke so." Bai ko buɗe bonet ba. Wurinsu mai rai da matacce duk ɗaya ne, sikeli ba ya tambaya.

Tunda ba ta da taya, a nan tsakar gida za su sare ta. Sun ce Litinin, da gatari da gas. Kawu ya ce ranar Ya Gana za ta zauna a ɗakin Baba, ta rufe taga, ta ƙure rediyo.

Kawu ba mugu ba ne. Shi yake kawo mana hatsi tun da abin ya faru, kuma ya ce ko sisi ba zai taɓa ba, na Baba ne. Da zai fita ya dafa kaina ya ce, "Halimatussa'adiyya, kwanan nan babanki zai fito, in sha Allahu." Shi kaɗai yake kiran sunana duka har ƙarshe.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Mai ɗori ya dawo. Ya kama ƙafar zai lanƙwasa, ta ƙi. Na ji shi a zaure yana gaya wa Kawu, "In aka ƙara sati biyu a haka, ni kam na yi nawa. Ƙafar za ta zauna kamar itace."

Ya Gana ta kwashe ƙwai, ta ɗaure kazarta a bayan ɗaki don ta saba da sabon wuri.

Juma'a, 23 ga Agusta, da safe

Saura kwana uku.

Asabar, 24 ga Agusta, da safe

Saura biyu. Na share cikinta duk da haka.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Yatsana yana ciwo, rubutun zai karkace.

Inna ta tafi barka maƙwabta. Ya Gana ta yi sallar azahar ta kishingiɗa. Na ɗauko akwatin sifanar Baba daga ƙarƙashin kujerar gaba, na buɗe bonet, na tokare shi da muciya. Na hau kan bulo.

Notin kabireta sha uku ne. Na sani sarai. Na ɗauki sha huɗu.

Allah ya yafe mini, da gangan na yi. Babu abin da Baba ya tsana kamar ya ji sifana tana zamewa a kan noti. Ya taɓa tsayawa a tasha ya yi wa wani makanike faɗa a kan haka, motar ma ba tasa ba. Ni ban iya magana ba, amma wannan na iya.

Na ja, ta zame, ƙwas. Na sake ja, ƙwas. A na huɗu na bugi yatsana, jini ya fito. A na biyar sai na ji daga taga:

"Wane ne wannan yake cinye mini kan noti?"

Ban juya ba. Na sake ja.

"Sha uku! Injiniya, sha uku! Shekara nawa kina miƙo mini sifana?"

Na juya. Ya yaye labulen gaba ɗaya. Ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe, amma idonsa na da ne.

Ya ce, "Wannan ma matacciya ce, ta farar ce na mayar bara. Me za ki yi da ita? Wa ya sa ki?"

Ya Gana ta ce ba a gaya wa marar lafiya. Inna ta ce ko kalmar kada a faɗa. Na kalli ƙasa, na kalli yatsana. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, gobe 'yan gwangwan za su zo su sare ta."

Ya kalli Mai Kyauta, ya kalle ni.

"A kilo?"

"I."

"Har da giyabos?"

"Duka."

Ya saki labulen.

Lahadi, bayan magariba

Ashe Ya Gana ba barci take ba. Ta gaya wa Inna. Inna ba ta dake ni ba, da ma ta daka. Ta ce, "Ke da ba kya magana, ranar da kika tashi yi wannan kika zaɓa?" Ta goge ido da bakin zane.

Baba ya mayar da tuwo ko taɓawa bai yi ba. In ya ƙara lalacewa, ni ce.

Ya Gana ta zo ta ɗaure mini yatsa da tsumma, ta ƙi kallona. Ta ja ƙullin da ƙarfi.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan azahar

Sun zo da hantsi da a-kori-kura, suka sauke gatari biyu da tukunyar gas. Kawu yana tare da su. Ya Gana ta ɗauki rediyo ta shiga ɗakin Baba kamar yadda aka tsara. Ni ina bayan randa. Muka ji rediyon ya tashi, sai kuma ya mutu.

Muryar Baba ta ce, "Ya, bar shi. Ina takalmina?"

Inna ta shiga da gudu. Muka ji ana jan kaya, ana ɗaga katifa. Can ta fito riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, ta tsaya da shi a hannu. Ashe ɗaya ne ya dawo gida ranar nan, ba wanda ya lura, tunda ba a nema ba. Ta mayar da shi bayan ƙofa, ta cire silifas ɗinta masu ruwan hoda ta shiga da su.

Labulen ƙofa ya motsa. Sanda ce ta fara fitowa.

Na ƙirga. Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofarsa zuwa Mai Kyauta. A na huɗu ya tsaya, gumi yana zuba, diddigensa duk a waje don silifas ɗin sun yi masa kaɗan. Kawu ya miƙa hannu zai riƙe shi, ya ce, "Bar ni, Alhaji." Babban 'yan gwangwan ya ajiye gatarinsa a hankali. Na kifa turmi na tura kusa da mota. Baba ya dafa bonet, ya zauna, ƙafar a miƙe.

Ya Gana ta ce, "Mu mun ɗauka ganinta ne ba ka so."

Ya ce, "Ba ita nake gudu ba, Ya. Idon mutane nake jin nauyi. Ita ai ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba."

Kawu ya cire hularsa ya mayar.

Babban 'yan gwangwan ya ce, "To Alhaji, mu fa mun ƙona mai mun zo."

Baba ya ce, "Ba za ku koma hannu biyu ba. Matattun naku ne, yau ma. Masu rai kuwa akwai masu nemansu, ba za a auna su kamar gero ba. In ta gama bayarwa, ku dawo ku ɗauki gangar jikin." Ya juya wurin Kawu. "Na gode, Alhaji. Na san don ni kuka yi. Amma giyabos ɗin nan ko sau ɗaya ban buɗe shi ba, da kun sa ni kuka."

Kawu ya yi dariya har da tari.

Sai aka fara. Baba yana nunawa da sanda, "Wannan matacce. Wannan ma. Wancan kada wanda ya taɓa." Ni nake kwance ƙananan, su suna ɗaga manyan. Kabireta mai kyau ashe tana ƙarƙashin kujerar direba, a naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Ya ce a aika wa Oga Chibuzo ya turo mutumin Sakwa.

Da na ɗauki sifana ya ce, "Nuna mini lambar tukuna." Na nuna. Ya kalli tsumman yatsana, ya kalle ni, ya daɗe. Ina jin ya gane. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Ya ci abincin rana a waje. Ya Gana ta sa an yanka zabin nan.

Laraba, 28 ga Agusta, da yamma

Jiya ƙafar ta kumbura, bai fito ba, na tsorata. Yau ya fito. Inna ta yi magana da ni, ta ce in zo in ci ƙanzon tukunya. Ta san ina so.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Mai ɗori ya ce gwiwar ta fara lanƙwasuwa, kaɗan dai, amma ta fara.

Mutumin Sakwa ya zo, kuma ba ya shiga cikin gida, don haka dole Baba ya kai zaure. Taku ashirin da shida. Ina daga ciki riƙe da kabireta. Masu dawowa daga masallaci suka gan shi, suka fara tsayawa. Na farko da ya ce, "Malam Sherif, barka da fitowa," Baba ya sunkuyar da kai, na ga hannunsa ya matse sandar. Na ce shi ke nan, zai koma. Sai ya ɗago ya ce, "Barka kadai." Na biyu ya fi sauƙi. Kafin a jima yana musu da mutumin Sakwa a kan wanda ya fi sanin Fijo.

Da ya shigo, Inna ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, ita dai ta gaji da yawo ba takalmi, ranar kasuwa za ta ba Kawu ƙafa ɗayan nan ya je ya sayo masa daidai da shi.

Baba ya ce a'a, takalmi sai an gwada. Shi zai je.